Baƙar Tukunya Mai Hanci

Mijina Duane ba ya shan taba, ba ya caca, kuma ban taɓa kama shi yana bin wata mace da kallo ba. Mota ce ciwonsa. Chevelle ce ja, ƙirar sittin da tara, wadda ya saya tun kafin ya san ni. Ranar aurenmu ma, a ƙofar coci, sai da ya tsaya ya goge mata kashin tsuntsu da hankicin aljihun kwat ɗinsa. Na gani, na haɗiye, na shiga ciki.

A shekarar tamanin, da ƙanƙara ta narke, abin da ya sa a gaba shi ne numfashinta. Wai motar tana shaƙewa. Ni dai ban ga alama ba, domin in ya taka ta a babban titin garinmu har gilashin shagon aski rawa yake yi. Amma kullum in ya taso daga rumbun alkama inda yake aiki, sai ya ture farantin abinci gefe, ya baza mujallun motoci, ya yi ta kallon hotuna har naman ya huce. Da ƙarfi da yaji na zama masaniyar abin da ban taɓa neman sani ba. A saman injin akwai wata baƙar tukunyar ƙarfe mai faɗi, da murfinta, da ɗan hanci a gefe guda. Ta wannan hancin iska take shiga, ta ratsa filta, wato wani kakkauran zoben takarda mai ninki-ninki, sannan ta sauka cikin kafireta. Tare da wannan tukunya motar ta fito daga kamfani, kuma ita Duane ya ɗora wa laifin komai.

"Ki ɗauki ɗan tsere ki toshe masa baki, ki ce ya yi gudu da hanci ɗaya," in ji shi. "Abin da suka yi mata ke nan."

Wata Asabar ya ja ni zuwa shagon Gordy, mai sayar da kayan gyaran mota. Gordy abokinsa ne tun makaranta, kuma in akwai wanda zai zuga mutum ya hau rufin gida ya diro, to shi ne. Ya jera abubuwa uku a kan kanta.

"Wannan ta tsofaffi ce," ya ce, ya dafa zoben takarda irin na cikin tukunya. "Tana tare komai, har da ƙarfin motar. Wannan ta tsakiya takarda ce ita ma, amma ba tukunya, a buɗe take ta ko'ina. Wannan kuwa..." Ya ɗago wani siririn soso a cikin ragar ƙarfe mai walƙiya. "Wannan sai wanda matarsa ta yarda."

"Wa ya tambaye ni?" na ce.

"Arlene, in kika ji kukan da za ta yi, ke ma sai kin yi hawaye."

"Ai na riga na fara."

Duane ya ɗauki soson ya kara a ido, ya dubi fitilar shagon ta cikinsa. Ya ce yana ganin haske. Gordy ya ce yawwa, haka iska za ta riƙa wucewa ba mai tambayar ta inda za ta.

"In haske yana wucewa, ƙura fa?" na tambaya.

"Mai ake shafa masa, ƙurar ta manne. Lokacin girbi kuma ya kulle ta a gareji, ai ba tarakta ba ce."

Ya biya kuɗin soson. Na san fuskar mijina, ya riga ya zaɓa tun kafin mu fito daga gida. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka huda bonet, aka ɗora wani buɗaɗɗen baki mai kallon gaba kamar shebur, don iska ta riƙa faɗawa kai tsaye. Yammacin Juma'a, lokacin da masu irin wannan ciwo suke jera motocinsu a gaban shagon sayar da hambaga, ya taka totur sau ɗaya. Motar ta ja iska da wani irin gurnani mai zurfi wanda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Maza suka ajiye abin da ke hannunsu suka zo suka kewaye injin. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma tsigar jikina ta tashi. Duane kuwa na daɗe ban ga farin ciki irin wannan a fuskarsa ba.

Ranar Lahadi muka kai wa mahaifinsa abinci, kamar kullum. Baba Emil shi kaɗai yake zaune a gona, mil ashirin da ɗoriya daga gari, tun rasuwar matarsa. Ya ba da hayar filayen, ya rage daga shi sai tsohon karensa da wata koriyar tukunyar iskar numfashi mai tsayin mutum, wadda ake kawo masa daga gari. Huhunsa ya lalace. In zai yi magana sai ya yanka ta gunduwa-gunduwa, yana hutawa a tsakani. Mutum ne da ba ya jefar da komai. Lanƙwasassun ƙusoshi, tsofaffin igiyoyi, marfin kwalba, duk suna da wurin zamansu a cikin sitonsa da ke can ƙarshen tsakar gida. Ina son tsohon nan. Ni ban tashi da uba ba, shi kuma tun ranar farko 'yata yake ce mini.

Ya cire robar iskar daga hancinsa, ya lallaɓo ya leƙa injin. Ya daɗe yana kallo.

"Ina tukunyar?"

"Tana but, Baba. Bola zan kai ta."

"Ka tsige mata gashin hanci ke nan."

"Numfashi take so."

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da na riƙe shi. Da ya samu kansa ya ce, "Ni za ka gaya wa son numfashi? Duk ƙuruciyata a bayan injin girbi na yi ta. Baki buɗe. Uwarka ta ɗinka mini ƙyalle, na ce yana takura ni. Na sha iska son raina. Ga ni nan."

"Mota ba mutum ba ce, Baba."

"Haka ne. Ita ana sake mata huhu."

Ya sa Duane ya buɗe but. Ya ɗauki baƙar tukunyar da filtarta a ciki, ya rungume, ya nufi sito, yana tafiya yana tsayawa. Na ce ya kawo in kai masa, ya ƙi. Duane ya ɗaga murya ya tambaye shi me zai yi da ita.

"Abin da nake yi da komai. In rataye."

A hanyarsa ta dawowa ya jingina da tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda ta mutu a tsakiyar gidan tun lokacin sanyi. Ya bubbuga ta da tafin hannu, ya dubi ɗansa.

"Mako mai zuwa, Baba," in ji Duane. "Na gama da tawa yanzu. Mako mai zuwa zan tayar da ita."

Makon ya zo ya wuce, wani ma ya bi bayansa.

Ranar sha takwas ga Mayu, Lahadi ce, muna fitowa daga coci aka ce dutsen St. Helens, mai aman wuta, ya fashe. Ba wanda ya damu. Dutsen yana can wani gefen jihar, bayan duwatsu da koguna, watanni ana ta surutunsa a rediyo har mun gaji. Na koma gida na sa nama da dankali a wuta, wanda za mu kai wa Baba. Ina yankan albasa na ga kicin ya yi duhu. Na leƙa ta taga. Daga yamma wani baƙin hadari ya taso, ya cika sama daga wannan gefe zuwa wancan, ƙasansa yana reto kamar jakunkuna. Tsuntsaye suka yi tsit. Fitilun titi suka kama da kansu da tsakar rana. Sannan ta fara sauka, ba ƙara, ba iska, toka mai laushi kamar hoda, da ɗan warin ashana. Kafin in kashe wutar girki ba a ganin gidan da ke tsallaken titi.

Waya ta yi ƙara. Duane ya ɗauka, ni kuma na manna kunnena a gefen nasa. Baba ne. Tun kafin tsohon ya yi magana na ji yadda ƙirjinsa yake fito.

"Tana shigowa," ya ce. "Ta tagogi. Ta ƙarƙashin ƙofa. Kamar ana tankaɗe."

Gidan tsohon katako ne, ko'ina kafa. Duane ya tambaye shi iskar tukunyarsa. Ya ce allurar ma'aunin iskar ta kusa kwanciya, sai gobe Litinin mai kawowa zai zo. Na karɓe wayar.

"Baba, ka ji ni da kyau. Ka jiƙa tawul ka ɗaura a hanci da baki. Ka ja tukunyarka ka shiga banɗaki, can ba taga. Ka toshe ƙasan ƙofa ka zauna. Kada ka cire tawul ɗin nan ko me ya faru."

"To, 'yata."

"Ka yi mini alkawari."

"Ai tun kina magana na ɗauko. Shuɗin nan. Wanda kika kawo."

Duane ya karɓa ya ce muna tafe, za mu ɗauko shi mu kawo shi asibiti. Tsohon ya ja numfashi ya tambaye shi.

"Da wace motar?"

"Da tawa mana."

"Mai buɗaɗɗen bakin?"

"Baba, ka zauna inda aka ce ka zauna."

"Ko kun iso... da me za ku koma?"

"Za ta je, za ta dawo. Ka bar mini wannan."

Ya ajiye. Na kira asibitin garinmu, aka ce motarsu ta riga ta maƙale a babbar hanya, ana ta kwaso matafiya ana zuba su a coci-coci da ɗakin wasan makaranta. Ba mai zuwa gona yau sai mu.

Maƙwabciyarmu Hulda, wadda mijinta ya rasu, tana da wata doguwar mota ruwan ƙasa da take zuwa kasuwa da ita. Ba wanda ya taɓa buɗe mata bonet don sha'awa, saboda haka tukunyarta tana nan yadda kamfani ya ɗora. Na ce wa Duane mu ari ta Hulda.

"Waccan akwalar? Kafin ta fita gari ni na je na dawo."

"Duane, soso ne a kan taka. Da idonka ka ga fitila ta cikinsa."

"Numfashin Baba ne yake ƙarewa, Arlene. Gudu nake bukata."

Mutane sun ce girman kai ne, ni kuma da nake tsaye a gabansa na san ba shi kaɗai ba ne. Tsoro ne ya cika shi. Abu ɗaya ya mallaka a duniya wanda ya fi na kowa, kuma a ransa ya yarda cewa ranar amfaninsa ce ta zo. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, kuma ba lokacin jayayya. Rediyo yana ta faɗin a rufe filtar mota da safar mata. Na zauna a matakalar gareji na tuɓe dogayen safar nailan da na je coci da su, muka ja su a kan soson, muka ɗaure. Na zura takalman roba, muka ɗaura hankici a fuska, muka fita.

Gudun da ya dogara da shi bai yi mana amfanin komai ba. Fitilun motar suna haska toka ne kawai, su dawo mana da hasken a ido. Waifa tana sharewa tana kankare gilashi. Duane ya buɗe ƙofarsa ya leƙa ƙasa yana bin bakin kwalta, motar da ake tsoro a duk gundumar tana rarrafe a giyar farko, mai keke ma zai wuce mu. Bakin nan da ya huda a bonet kuwa yana ta aikin da aka yi shi dominsa, yana kwasar duk abin da ke gaba yana zubawa ciki.

Ba mu yi nisa da gari ba injin ya fara sarƙewa. Muka tsaya. Na riƙe tocila, ya ɗaga bonet. Safata ta zama kamar fatar ɓera. Ya kakkaɓe ta, ya cire soson ya buga a taya. Ba abin da ya fita. Man da aka shafa masa ya kama tokar, sun haɗu sun zama kamar kwaɓaɓɓen siminti. Ya kankare da farce iya yadda zai iya, ya mayar, muka ci gaba. Can gaba kaɗan ta sake shaƙewa. Muka sake tsayawa. Haka muka yi ta yi, kuma kowace tsayawa tafiyar da ke biyo bayanta ta fi ta baya gajarta. Sama tana walƙiya ja-ja, ba ruwa. Idanuna suna zafi kamar an zuba yashi, haƙorana suna ƙas-ƙas. Ba wanda ya ambaci allurar tukunyar Baba, amma ita kaɗai ce a ran kowannenmu.

A wajen tsohuwar makarantar da aka rufe, inda ake barin kwalta a hau tsakuwa, motar ta mutu gaba ɗaya. Duane ya cire soson ya riƙe a hannu. Ya yi nauyi kamar bulo. Ya dube shi, ya dubi buɗaɗɗen bakin kafireta, sai ya yi wurgi da shi cikin duhu, da safar da ragar mai walƙiyar duka.

"Me kake yi?"

"A filin tsere ma cirewa muke yi."

"Duane, wannan ba ƙura ba ce. Dutse ne aka niƙa. Zai cinye ta."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ta ci ta mutu, in dai ta kai mu ƙofar gidan. Shiga."

Ban taɓa jin ya yi maganar motar nan da irin wannan murya ba. Na shiga. Ya murza makulli, ta tashi da wani ruri da ban taɓa jin irinsa ba, ko a yammacin Juma'ar nan. Ba abin da ya tsaya tsakaninta da iska. Hanyar gonar miƙaƙƙiya ce, ya san ta tun yana ɗan yaro, sai ya rufe ƙofa ya taka fiye da yadda hankali zai yarda. Na riƙe kujera ina addu'a a zuci. Na ɗan lokaci har na fara yarda za mu kai.

Sai kukan ya sauya. Gurnanin ya zama wani siririn kaushi, kamar ana goga tukunya da yashi. Warin ƙonannen baƙin mai ya cika motar. Yana takawa tana ƙara nauyi. A gindin hawan da ke kafin gonar Baba ta yi tari, ta yi jijjiga, ta tsaya. Ya murza makulli, injin ya juya fayau ba wani riƙo, kamar babu komai a cikinsa. Bai sake gwadawa ba. Ya fita ya bar makullin a jiki, ko waiwaye bai yi ba.

Sauran tafiyar a ƙasa muka yi ta. Tocila ba ta nuna komai sai ƙafafunmu. Muka lalubi wayar shingen gona muka riƙe, yana gaba ina baya, ƙayar wayar tana tsaga mana tafin hannu. Tokar ta kai idon sawu, kowane taku sai ta tashi ta shige cikin hankici. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san tun ina jin ƙafafuna har na daina ji, kuma sau ɗaya Duane ya ce, ba da ni yake ba, "Da na gyara masa a-kori-kurar nan."

Daga ƙarshe muka hango fitilar da ke kan dogon ƙarfe a tsakar gidan, ta zama ɗan jan ɗigo. Duane ya saki waya ya ruga. Ƙofar kicin a rufe take amma ba a kulle ba. Ya shiga yana kiran Baba, Baba. Na bi shi zuwa banɗaki. Tsohon ya yi duk abin da na ce. Ga kujera, ga tsumma a ƙasan ƙofa, ga koriyar tukunyar a tsaye, allurarta ba ta gama kwanciya ba. Robar hancin tana rataye a jikin kujera, tana ɗan huci ita kaɗai. Shi ne babu.

Muka duba ɗakin kwana, muka duba falo. Sai na ji kukan kare a waje, can ƙasa-ƙasa.

Daga matakalar baya akwai sawu, toka ta kusa cike shi, ya miƙe zuwa sito. Tun da na ga inda sawun ya nufa na gane, domin na san abin da yake rataye a can. Tukunyar iskar ta fi ƙarfin ya ja ta a cikin wannan toka, shi ya sa ya bar ta. Ya je, ya kuma kamo hanyar dawowa. A tsakiya muka same shi, zaune, ya jingina da tayar matacciyar a-kori-kurarsa, karen yana kwance a jikin ƙafarsa. Dukansu biyu sun yi fari fat. Toka ta taru a girarsa da kafaɗunsa, ta taru a cikin bakinsa da yake buɗe. Babu tawul a fuskarsa. A kan cinyarsa akwai wani ƙunshi da ya rungume da hannu biyu.

Duane ya durƙusa ya share masa baki da yatsa, ya hura masa numfashi, ya danna ƙirji, ya sake hurawa. Na taɓa wuyan tsohon. Ya riga ya huce. Na bar Duane ya yi ta yi har ya gaji don kansa, domin ban ga dalilin hana shi ba. Sannan muka ɗauke shi, ba shi da wani nauyi, muka kai shi gadonsa. Na kawo ruwa na wanke masa fuska, na tsefe tokar daga gashinsa. A nan na yi kukana, mai yawa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da na fito, Duane ya koma waje ya ɗauko ƙunshin ya ajiye a kan teburin kicin. Yana tsaye a kansa, hannuwansa suna jini, ya kasa taɓawa. Na gane tawul ɗin tun daga bakin ƙofa. Shuɗin nan ne, wanda na kawo masa, wanda ya yi mini alkawari ba zai cire ba. Har yanzu da sauran danshi a jikinsa. Ya naɗe baƙar tukunyar da shi tsaf, ya cusa gefe ɗaya a cikin ɗan hancin, ya toshe shi sosai yadda ko ƙwayar toka ba za ta shiga ba.

"Ya tambaye ni," in ji Duane. "Ya ce da me za mu koma."

Ni na warware tawul ɗin. Duane ya kwance notin murfin da yatsu, ya ɗaga. Filtar tana zaune a ciki, fara tas. Ya sa yatsa ya bi ninkin takardar a hankali har ya zagayo, ya ɗago yatsan ya duba a ƙarƙashin fitila. Ba komai a jikinsa sai jininsa.